Kitson Shatu da Ragar Injin Gashi

Idan yaran da muke aiki tare suka tambaye ni ranar da ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina jinya, sukan zaci zan kawo labarin tiyata ko na haɗarin mota. Ni kuwa ranar da har gobe ban manta da ita ba ita ce wadda na zauna a kan tabarma a bayan ɗakin gashi, da tsinken tsifa a hannuna, ina kwance kan wata Bafulatana daga Farin Dutse, ina ɗaga ido ina duban inda rana ta kai.

A lokacin na riga na yi ritaya da muƙamin babbar jami'ar jinya, amma aka sake ɗauka ta aikin kwantaragi a sashen kunne da hanci da maƙogwaro a nan Birnin Kudu, saboda ƙarancin hannu. Kafin nan na yi yawo. Na yi shekaru ina aiki a Jidda, na ɗan zauna a Hartum, an kuma taɓa tura ni kwas Malesiya. A wannan yawon na san ciwon da zan ba ku labarinsa, wato dajin bayan hanci.

Ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba, wurin da yake fitowa wani lungu ne can ƙarshen hanci, sama da ganɗa, inda hanyar kunne take haɗuwa da ta numfashi. Ba a ganin sa da ido sai an zura siririyar kyamara. Shi ya sa yake daɗewa a ɓoye. Abin da mutum yake fara gani shi ne ƙullutu a gefen wuya wanda ba ya zafi, ko kunne ɗaya ya toshe, ko haɓo ya riƙa zuwa ba dalili. A Malesiya ya yi yawa a cikin 'yan asalin Sin, har ma'aikatan can da sun ga ƙullutu a wuyan babban mutum shi suke fara zato. A Jidda na fi ganin sa a jikin mutanen Maroko da Aljeriya da Indunusiya. A nan gida kuwa sau da yawa tarin fuka na wuya ake fara zato, a yi ta shan magani wata da watanni.

Wuƙa ba ta kai wa wannan lungu da sauƙi, saboda haka babban maganinsa gashi ne, wato a haska masa wani haske mai ƙarfi da inji ya kashe shi. Injin da na fara sani a ƙuruciyar aikina ba ya zaɓe. Ta gefen fuska yake haskawa, ya ƙone ciwon, ya haɗa da jakunkunan da ke samar da yawu a gaban kunnuwa. Wanda Allah ya tsawaita wa kwana yakan tashi da busasshen baki har abada. Ko a kasuwa na ga mutum riƙe da gorar ruwa yana kurɓa bayan kowace magana, nakan gane namu ne. Akwai wani dattijo ɗan Maroko da ya ce mini da Larabci: "'Yata, an bar mini raina, an ɗauke mini ɗanɗanon gurasa." Da yawa kuma ba su kai ga wannan kukan ba, domin ciwon yakan dawo.

Injin yanzu dabam ne. Yana zagaya kai, yana lanƙwasa hasken daidai da siffar ciwon, ya tsananta a inda ake so, ya sassauta a kan jakunkunan yawu da ido da lakar wuya. An kuma koyi haɗa shi da maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda muke kira kemo, wani kafin gashi, wani tare da shi. Waɗanda a da muke yi wa kallon masu bankwana, yanzu da yawansu suna komawa gona, musamman idan an zo da wuri. Amma wannan ƙwarewa tana da sharaɗi ɗaya: kai ya kwanta a wuri ɗaya kullum, ba gocewa ko kaɗan. Don haka ake yi wa kowa raga tasa. Roba ce mai huji-huji kamar rariya, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta yi laushi, a shimfiɗa a fuska da kai da kafaɗu, ta sandare da siffar mutum. Da ita a kansa ake ɗaukar hoton sikan, a kan wannan hoton likita da masana lissafin haske suke kwanaki suna zana inda za a haska. Duk ranar gashi sai a kifa masa ita, a maƙale ta a jikin gado.

Shatu ta zo mana da farkon damina. Matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, tana tallar nono. Mijinta, Malam Buba, makiyayi ne mai ɗan noma, shi ya kawo ta a kan babur tun daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, da ƙullutu kamar ƙwan zabo a wuyanta na hagu. Likitanmu bai taɓa ƙullutun ba, ya zura kyamara ta hanci, ya gutsuro ɗan nama aka kai gwaji. Da sakamako ya fito aka fara mata kemo a wurinmu. Ta sha wuya, amma ƙullutun ya saɓe har sai an lalaba ake jin sa. Likita ya ce da Malam Buba: "Wannan saɓewa ba warkewa ba ce. Dama ce aka ba mu. Idan aka yi jinkirin gashi zai sake tasowa."

Ba mu da injin gashi. Sai an yi tafiyar yini guda zuwa wani babban birni, kuma injin can jihohi da yawa yake ɗauka, layinsa dogo ne. Da yake 'yata tana aure a garin, na ɗauki hutu na raka su. Aka duba haƙoranta, aka yi mata raga. Wanda ya yi ta wani saurayi ne mai kula da injin, Malam Nura, mai haƙuri da iya magana. A ranar kan Shatu ɗauke yake da wani tsohon kitso ƙanana, kwantacce lif da fata, na mai jinya. Malam Nura ya duba ya ce ba zai hana komai ba, ya shimfiɗa ragar a kansa. Da aka gama ya ce mata: "Yadda kanki yake yau, haka za ki dawo mana da shi. Kada a tsefe, kada a sake." Na maimaita mata da Fulatanci, ta ce ta ji. Aka ba su ranar dawowa, suka koma gida su jira a gama zane.

Ranar farawa, Litinin ce, na riga su isa asibitin, domin ni a gidan 'yata na sake sauka, su kuma a wurin wani ɗan'uwan Malam Buba suka kwana, kusa da kara, wato kasuwar shanu. Suka iso su uku. Ta ukun wata tsohuwa ce doguwa, siririya, mai tsinin hanci, ta riƙe ƙwarya a naɗe cikin zane. Ita ce Inna Dudu, mahaifiyar Malam Buba, ta zo zaman jinya.

Aka kira Shatu, na shiga da ita. Da ta cire hijabi ta kwance ɗankwali, ni da Malam Nura muka tsaya muna kallo. An yi mata doka, irin ta asali, ta taso tun daga goshi har ƙeya kamar tozon sa, ga manyan kitso biyu sun sauko ta gaban kunnuwa, an jera musu tsofaffin azurfa, kai yana ta ƙyalli da man shanu. Na yi yawo a duniya, na ga gyaran kai iri-iri, amma ban taɓa ganin mai kyan wannan ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya faɗar mini da gaba kamarsa ba.

Malam Nura ya gwada duk da haka. Ragar ta tsaya a kan dokar, ko hancinta ba ta taɓa ba. Ya ajiye ta a hankali, ya ja ni gefe.

"Mama, wannan ba zai yiwu ba. Sai an sake raga, a sake sikan, a sake zane daga farko."

"Gurbinta fa?"

"Akwai mai jira a bayanta. Ba za a bar inji a zaune ba. Za ta koma layi."

"Har yaushe?"

Ya dubi ƙasa. Na san abin da hakan yake nufi, makonni ne, kuma na tuna da maganar likitanmu.

Na tambayi Shatu a hankali me ya faru. Ta sunkuyar da kai ta ce: "Inna ce ta ce in zauna. Yaya zan yi in ce mata a'a?" Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin Bafulatana da uwar mijinta ba zai ƙara tambaya ba. Ko sunanta ba ta iya faɗa, balle ta ture hannunta daga kanta.

A Malesiya mace takan je ta rage gashinta da almakashi kafin a yi mata raga, ba wanda zai ce uffan. A Jidda sai ta kwance shi ya zuba, kullum iri ɗaya. Mu kuwa kanmu gini ne, ana yin sa ya yi makonni, kuma ba mai kan ce kaɗai take da iko da shi ba. Wanda ya ƙera injin nan bai san da wannan ba.

Na ɗauki ragar na juya cikinta ina dubawa, ba don ina da wata dabara ba. Sai na ga layuka a jikin robar, daga goshi zuwa baya, da ta gefen kunnuwa. Tsohon kitson ne ya bar sawunsa lokacin da robar take da laushi. Na nuna wa Malam Nura na ce: "Idan aka mayar da kan yadda yake fa?"

Ya ce shi ba zai yanke ba, sai ya tambayi likita. Ya dawo da amsa: an mayar da Shatu ta zama ta ƙarshe a layin ranar. Idan raga ta zauna, za a ɗauki hoto a kan injin a ɗora shi a kan na farko. In ƙashi ya hau kan ƙashi, a yi gashi. In ya goce fiye da yadda aka yarda, ba za a haska ba ko da kuwa ni ce na haife ta. Na ce wannan shi ne daidai, ni ma ba zan so a yi wani abu dabam ba.

Saura Inna Dudu. Na same ta a benci, na gaishe ta da Fulatanci, na yi mata bayani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Yini guda na yi a kan kan nan. Azurfar nan ta uwata ce. Yanzu wani yaro da bai san hannun riƙe tsinke ba zai ce a kwance?"

"Ba shi ya ce ba, Inna. Inji ne."

"To injin ya yi haƙuri. Ba za a ce matar ɗana ta shiga cikin baƙi wata biyu da kai kamar na wadda ba ta da kowa ba."

Malam Buba ya matso ya ce: "Inna, ki dai ji abin da Hajiya take faɗa." Ta dube shi sau ɗaya, ya koma inda ya fito.

Kakana Babarbare ne, fatauci ya kawo shi Birnin Kudu, kuma kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Na ga in ban bi ta nan ba, ba inda za mu. Na ce: "Ai dama na sani. Bafulatani ko asibiti ya zo sai ya kawo mana taurin kan shanunsa. Da baiwata ce mai hankali da tuni ta tashi."

Ta juyo ta ƙare mini kallo. "Au, Babarbariya ce? Shi ya sa. Tun ɗazu nake cewa wannan Fulatancin kamar ana tauna ƙashi. Wa ya ba bawa farin kaya har yana ba iyayen gidansa umarni?"

Matan da ke benci suka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Sai ta rage murya, yadda ɗanta ba zai ji ba.

"Ke 'yar Barebari, ki faɗa mini gaskiya. A rugarmu mutum biyu aka kai birni da irin wannan ciwo na daji, ba wanda ya dawo da ƙafarsa. In yarinyar nan tafiya za ta yi, ba na so masu wanka su buɗe kanta su ce ba ta da uwa."

A nan na gane dokar ba ta ado ba ce. Na zauna kusa da ita na ce: "Inna, rai na Allah ne, ba zan yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Amma na yi aikin nan a ƙasashe uku kafin in dawo gida. Na ga lokacin da wannan ciwo yake cinye mutane, na kuma ga lokacin da aka fara cin ƙarfinsa. Irin na Shatu, a inda aka kama shi, ina sa ran ta dawo ta tatsi shanunki. Ki ajiye azurfar nan, ki yi mata dokar ranar da za ta koma gida."

Na miƙa mata ragar, na juya mata cikinta. Ta sa yatsa tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, daga goshi zuwa baya. Can ta ce: "Wannan ai hannuna ne. Ni na yi mata shi tana kwance, lokacin da maganinku yake sa ta amai." Ta miƙe ta gyara zane. "Ina za mu zauna?"

Wata ma'aikaciya ta ba mu tabarma a inuwar bayan ɗakin gashi, inda maza ba sa bi. Tsefe doka ba ƙaramin aiki ba ne. Ni da Inna muka kama, wasu mata biyu masu zaman jinya suka zo suka sa hannu ba tare da an roƙe su ba, ɗaya Bayarabiya, ɗaya Banufiya. Aka cire azurfa aka ƙulle a bakin zanen Inna. Muka wanke man shanun da sabulu da ruwan ɗumi, domin ba a son maiƙo a fatar da za a gasa, muka jira ya sha iska. Azahar ta wuce kafin Inna ta fara kitso. Ta ajiye ragar a gefen cinyarta, ta tsaga layi, ta duba roba, ta kitsa, ta sake dubawa. Sau biyu tana kwance layin da ta gama, ta ce ya yi kauri. Da na ce ta ɗan hanzarta, sai ta ce: "Ke dai riƙe mini nan, Babarbariya. Allura kika iya."

Bayan la'asar Malam Nura ya leƙo ya ce saura mutum ɗaya. Inna ta ƙulle na ƙarshe, ta shafa kan da tafin hannu, ta ce a je.

Shatu ta kwanta. Malam Nura ya kifa ragar, ta sauka a kan hanci da haɓa, ya bi maƙallan yana dannawa, kowanne ya shiga. Muka fita muka rufe ƙofa, domin ba mai zama a ciki sai mara lafiya. Injin ya zagaya ya ɗauki hoto. Na tsaya a bayansu ina kallon allo, likita ya ɗora sabon hoto a kan tsoho, yana duba ƙashin ƙeya, da muƙamuƙi, da ƙashin wuya. Ya sa aka ɗan gusa gadon kaɗan, ya sake dubawa. Sannan ya ce: "Ya hau. A fara."

Malam Nura ya danna, ya juyo ya ce: "Mama, a gaya wa tsohuwar nan in tana neman aiki muna ɗauka." Da na isar mata da saƙon ta ce a gaya masa ba ta aiki a ƙarƙashin yara.

Daga ranar Shatu da Inna suka koma ɗakin baƙi na gidan 'yata, kusan wata biyu suka yi a can. Ban ce abin ya zo da sauƙi ba. Bakin Shatu ya yi gyambo, wuyanta ya yi baƙi ya saɓule, gashin ƙeyarta ya zube, akwai makon da ko kunu da ƙyar yake wucewa. Rama ma tana sa raga ta yi sako-sako, saboda haka Inna ta ɗauki ciyar da ita kamar yaƙi: kindirmo, kunun gyaɗa, ƙwai, cokali-cokali tun safe har dare. Duk layin da ya saki a kan sai ta gyara shi a inda yake. Ba a fasa gashi ko na rana ɗaya ba.

Yanzu damina ta zagayo sau da dama tun daga lokacin. Shatu tana zuwa a duba ta a kan lokaci, likita ya zura kyamara, ya lalaba wuya, har yau bai ga komai ba. Mu a aikinmu ba ma saurin cewa an rabu, muna dai ci gaba da dubawa. Kunnenta na hagu bai dawo daidai ba, kuma takan ce bakinta yana bushewa da asuba.

Zuwanta na baya-bayan nan, da Inna suka zo, ta kawo mini nono a ƙwarya, kanta ɗauke da doka da azurfar nan. Suna jiran layi a baranda sai maɓallin rigar ɗanta na goye ya tsinke. Shatu ta ciro allura daga bakin zane, ta sa bakin zaren a harshe ta lasa, yawu ya jiƙa shi, ta murza, ta zura. Ita ba ta san ta yi wani abu ba. Ni kuwa na tsaya da tire a hannu ina kallo, dattijon nan na Maroko ya faɗo mini a rai.

Inna ta lura da ni ta ce: "Babarbariya, me kike kallo? Ba ki taɓa ganin ɗinki ba?"

Na ce: "Na gani, Inna. Irin wannan ne ban saba gani ba."

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke farawa yanzu, shi ne kun shigo aikin nan a lokacin da ya fi namu. Ciwon da muke gani mu kau da kai, ku za ku gan shi ku ce a yi maza, akwai abin yi. Ina alfahari da na kai wannan zamani da farin kaya a jikina. Amma injin nan, duk tsadarsa da ilimin da aka zuba masa, a kan kan mutum yake sauka, kuma a ƙasarmu mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai, akwai masu iko da cinsa da kwanciyarsa da gashin kansa. In ba ku yi magana da su ba, ba ku gama bayani ba. Shi ya sa duk macen da za mu tura gashi daga sashenmu, bayan likita ya gama nasa, nakan jawo kujera in tambaye ta: "Wa yake miki kitso?" Sai in ce a shigo mini da ita.